Kwalbar Wendell a Firjin Tarayya

Ni dai na tsufa ina raba makullai a ɗakin binciken jami'armu, inda malamai da ɗalibai ke tarayya a kan na'urori da wani ƙaton firji mai azabar sanyi. Nan na san Dakta Wendell Tackett. Ba shi da mugun hali, sai dai furfura ta cim masa bai gano komai ba, sa'o'insa kuwa suna ta sayen gidajen bakin tafki. Abin ya ci masa rai.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin, bayan komai ya lalace. Ya je neman sa'a wurin wani boka, Orval, a bayan tsohon ramin haƙar kwal. Ƙahonin barewa rataye a rufi, kyandir na kitse yana tsiyaya, gashin mutane cike da tukunya. Orval ya yi masa dariya, wai malami guda ya rasa dabara sai tasa. Ya ɗiga jinin Wendell a 'yar kwalba, ya toshe da kakin zuma.

"Me zan biya?"

"Ba kai za ka biya ba, Malam. Ka ajiye ta a sanyin da ya fi na kabari. Hannun da ya taɓa ta, in ba naka ba, ya zama nata."

Firjin gida bai kai wannan sanyi ba, sai ya sa ta cikin kwalinsa a namu. Dama a wurinmu ba mai taɓa kwalin wani.

Arziki ya zo. Wendell ya gano magani, kamfani ya saya, ya koma yawon taro gari-gari. Ya manta ranar narkar da ƙanƙara, da muke yi duk shekara: a kwashe firji kaf, ana miƙa kaya hannu da hannu. 'Yarsa Colleen, ɗaliba a wurin, ita ta zo a madadinsa, tana tsokana wai babanta ya zama babban mutum, ita ce 'yar aikensa. Kwalin ya jiƙe, gindinsa ya ɓalle. Marisol, ɗaya cikin masu kwashe kayan, ta tsinci kwalbar, ta ba na kusa da ita, Hideo, shi kuma ya ba Colleen.

Marisol ta rasu a kan kujerarta. Hideo a motarsa, tsakiyar zafi, jiki kamar ƙanƙara. Muka je jana'iza, muka dawo aiki. Ba wanda ya iya kuka.

Colleen ba ta mutu ba. Wendell ya sayar da duk abin da ya mallaka, ya koma wurin Orval, bokan ya ce masa abin da sanyi ya ci ba ya amayarwa. Tana nan gidan jinya, nannaɗe da barguna. Magana ɗaya ta rage mata:

"Baba, rufe firjin."

Sai ya tashi ya rufe taga, ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna. Ta sake faɗa.

To, 'ya'yana, ku ji ni da kyau. Mai kwaɗayi yana zaton shi kaɗai ya shiga ciniki, amma hannun da ya fi so shi ke biya.