Numfashin Jaririya

"Kin sake tashinta."

Mijinta ne ya faɗa daga bakin ƙofa da tsakar rana, 'yarsu mai wata biyar na tsala kuka a hannunta. Sista kowa ke ce mata, don shekararta shida tana aiki a ɗakin bakwaini na asibiti.

"Dubawa kawai na yi... gani na yi kamar ƙirjinta ba ya motsi."

"Sau tara tun safe, zuciyata. Barci take yi. Ke ce rabonki da shi kwana huɗu."

Ta sani sarai. Sati uku ke nan da wani bakwaini ya cika a kwalba, a daidai minti goman da gyangyaɗi ya sace ta kan kujera. Likita ya ce ko a tsaye take babu abin da za ta iya, amma zancen a kunne ya tsaya. Tun ranar, da 'yarta ta yi shiru sai ta ɗan mintsini tafin ƙafarta kamar yadda suke yi a wurin aiki, sai ta ji kuka hankalinta ke kwanciya. Yarinya duk ta rame, uwar ma ba a magana.

"Umma na falo," ya ce yana kallon ƙasa. "Tafiya za ta yi da ita."

"Kai ka kira ta?"

"Ni na kira ta."

Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Mutumin da ke jiranta a ƙofar asibiti da ruwan sanyi, yau shi zai raba ta da 'yarta!

Surukar ta shigo da zanin goyo a kafaɗa. "Ba ƙwace na zo yi ba, 'yar nan. Aro za ki ba ni, ki warke ki zo ki karɓi abarki. Ni ma ba son wankin tsumma nake ba."

Sista ta ƙanƙame jaririyar. Sai ta ga jan shatin farcenta a ɗan tafin ƙafar, ta sassauta riƙon. Da hannunta ta ɗora ta a bayan Umma, ta ja zanin ta ɗaure, hawaye na zuba.

"Ki riƙa dubawa, Umma... ko sau ɗaya."

Bayan sun fita ya durƙusa a gabanta. "Tashi mu je wurin likitan ƙwaƙwalwa."

"A asibitinmu? Gobe a ce Sista ta taɓu?"

"Su faɗa. Ni dai matata nake so ta dawo."

A bencin jira ta zauna ta sunkuyar da kai, hannunsa cikin nata. Mai ba da kati ya hango ta, ya washe baki.

"A'a, Sista, yau ke ce a ɓangarenmu? Ina mara lafiyar da kika kawo?"

Ta dubi mijinta, ta juyo ga mai katin.

"Ni ce. Rubuta."