Kushin Da Ya Fi Ƙarfin Ƙafata

"Hau mana, Safiyatu, rana tana yi!"

Furera ce ta faɗa daga gindin darbejiyar bakin hanya, tana danne dariya da gefen mayafi. 'Yar ƙanwar Inna ce, mahaifiyar Hadi, ɗan acaɓar da ke nemana, kuma duk ƙauyenmu an san a kansa idonta yake.

Na kalli babur ɗin Hadi, na sake kallonsa. Shi ne dai jan nan da ya saba kai ni kasuwar Makoda da jarkokin man gyaɗata. Amma kushin ba shi ba ne. Tsohon nan da sosonsa ya mutu ya lotsa, an cire shi. An ɗora wani sabo, baƙi wuluk, mai tudu kamar an ninka katifa.

Ƙafata ta hagu shan inna ya taɓa ta tun ina goye. Ba na iya haye babur, a kaikaice nake zama. Da tsohon kushin, juyawa kawai nake in zauna, kamar kan turmi.

"Yaya Hadi... wannan fa?"

"Sabo ne, Safiyata," ya ce, bai kalle ni ba. "Gwada ki ji."

Na gwada. Na dafa ƙarfen ɗaura kaya na baya, na ɗora nauyina kan ƙafar dama, na yunƙura.

Ledar ta zame da ni. Sai ga ni zaune a ƙasa, zanina ya sha ƙura, takalmina ɗaya can gefe.

Na ga hannunsa ya taho, na kuma ga ya tsaya a iska. Dattawa na zaune a bakin masallaci, mu kuma ba a ɗaura mana komai ba. Da wane ido zai kama hannun 'yar mutane a tsakiyar titi?

"Ayya, sannu!" in ji Furera. "Ai kushin nan ba na kowa ba ne. Inna ce ta sa aka yi shi, ta san wadda ta auna."

Ta ɗage ƙafa ta haye abinta, ko dafawa ba ta yi ba.

Ban yi kuka a wajen ba. Na kwance jarkokina da kaina, na ja su zuwa gida.

Shekarar nan kowa a gajiye yake. Mai ya yi tsadar da 'yan acaɓa ke kashe inji in sun zo gangara. Gyaɗa ta hau, masu sayen man sun koma sayen ludayi maimakon kwalba. Ni ma na gaji, wallahi. Na gaji da tuƙin tunkuza, na gaji da kallon da ake wa tafiyata, yanzu kuma ga wanda nake hutawa a bayansa ya ɗaga wurin zamana sama da inda zan kai.

Ai ba sai an faɗa mini da baki ba. Na san Inna ba ta son maganarmu. Na ɗauka kunyar furtawa ce ta hana shi, shi ya sa ya bar mai kushin ya yi masa aikin.

Kasuwa ta ci ban je ba, wata ta sake ci. Sauran 'yan acaɓa ba sa son ɗaukar mai jarka, su ce nauyi na shan mai. Man gyaɗar ya zauna a ɗaki yana jira, ni ma haka. Hadi ya zo zance, na aika a ce ba ni da lafiya. Ba ƙarya na yi ba.

Ranar wata Laraba bayan la'asar ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, sai na ji sallama. Inna ce da kanta!

Na shimfiɗa mata tabarma, na durƙusa na gaishe ta.

"'Yar nan," ta ce, "an ce kin yi fushi da kushin. To ni na sa aka yi shi. Akuyata na sayar."

"Na ji, Inna. Allah ya sa alheri."

"Ba ki ji komai ba! Kin san yaron nan a durƙushe yake fitowa daga ɗaki da safe? Kin san a zaune yake sallah yanzu? Gargadar hanyar nan ta cinye masa baya. A asibiti an ce ko ya canja wurin zama, ko ya ajiye babur. In ya ajiye, me za mu ci?"

Gyaɗar da ke hannuna ta zube.

"Bai taɓa faɗa mini ba..."

"Ina zai faɗa? Tun bara nake fama da shi ya canja, yana cewa tsohon ya fi miki sauƙin hawa."

Na rasa inda zan sa idona. Duk tafiyar da muka yi yana ba ni labari yana dariya, ashe ƙarfe yake zaune a kai saboda ni.

Inna ta gyara zama, muryarta ta sauka.

"Ni ba ƙin ki nake ba, Allah ya gani. Tsoro nake. Gida ɗaya, mai ciwon baya da mai ciwon ƙafa, a wannan zamanin? Wa zai ɗauki wani?"

Nan fa raina ya motsa, duk da kunyarta da nake ji.

"Inna, ki gafarce ni. Tun da na yi wayo ba wanda ya taɓa ɗebo mini ruwa. Man da ake miya da shi a gidanku, wannan hannun ne ya matse shi. Ni ban taɓa neman a ɗauke ni ba."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai ce, "Yana waje. Je ki hana shi haukan da yake shirin yi."

Na fito. Yana tsugunne gaban babur, hannu ɗaya riƙe da sifana, ɗayan dafe da ƙugu. Ga tsohon kushin a ƙasa, ya je ya karɓo shi daga wajen mai kushin a Makoda.

"Me kake yi, Yaya Hadi?"

"Mayar da naki zan yi."

"Ajiye sifanar nan!"

"Safiyata, tun ranar nan ban yi barcin kirki ba. Ina kallo kika faɗi, hannuna ya kasa..."

"Ka mayar da shi, ka kwanta, sannan wa zai kai ni kasuwar? Furera?"

Ya yi dariya, dariyar ta taɓa masa baya, ya yamutsa fuska. Hawayen da na riƙe tun ranar da na faɗi suka ɓalle.

"Don me ka ɓoye mini, masoyi?"

"Naki nauyin ya ishe ki."

"To ka ji. Kushin nan ba abin da ya yi mini. Tsawonsa bai fi ƙarfina ba, abin dafawa na rasa. Hannu ɗaya kawai, in riƙe in yunƙura."

"Kin san ba dama a gaban mutane..."

"Na sani. Kai ma ka san abin da ke sa a samu dama."

Ya ɗago ya kalle ni. Sannan ya kalli zaure, inda Inna ke tsaye tana jin komai.

"Ku dai kun fi ni taurin kai," ta ce. "Bari in je in gaya wa kawunka ya nemo goro."

Bayan girbi aka ɗaura auren. Ba a yi wani taro ba, shekarar ba ta bar kowa ya yi ba. Furera ta zo ta ci shinkafa, ta ce gishiri ya yi yawa.

Ranar kasuwar farko na fito da jarkokina, ya ɗaure su. Dattawan na nan a bakin masallaci. Hadi ya karkato babur ɗin kaɗan, ya kafa ƙafa, ya miƙo mini hannu, tafinsa a buɗe.

Na kama. Na yunƙura.

Na zauna.

Sosai yake da laushi, la'anannen kushin nan. Har muka wuce gonakin dawa ban ji rami ko ɗaya ba.

"Kin zauna daidai, amarya?"

"Na zauna. Kai fa, bayan?"

"Da sauƙi."

Na san da saura, shi ma ya san na sani. Na sa tafin hannuna a daidai inda yake masa ciwo, ban ɗauke ba har Makoda.