Gonar da Habila Ya Sare

Ranar kasuwar Gidan Amumune Habila ya fara ganin Jummai. Ta tsai da shi da buhun wake, ya ɗaure a bayan moto, babur ɗinsa na haya, suka kama hanya. Ba su yi nisa ba taya ta nutse cikin rairayi, dole ta sauka ta kama masa turi. Tana turi tana rera waƙar majami'a ƙasa-ƙasa. Ya waiwayo. Masu bin Yesu a ƙasar nan ba su da yawa, kowa ya san gidan kowa.

"Ɗiyar wa ce ke?"

"Ta Na Allah, dattijon majami'a. Kai fa, ɗan kabu-kabun da fasinja ke turawa?"

Ya faɗi sunan mahaifinsa marigayi. Ta kau da kai, ya gane labarinsa ya riga shi isa.

Labarin kuwa ba daɗi. Ubansa ya ƙare ƙarfinsa yana renon itatuwa a gona, gawo da kalgo da aduwa. Tsohon na rasuwa Habila ya kwantar da su da gatari, ya sayar, ya tafi Jado neman zinariya. Uwarsa ta yi kuka, fasto ya ce a dakata a yi addu'a, Habila ya ce ai ya yi, Ubangiji ya buɗe masa hanya. Ƙarya yake, son ransa ne ya laƙaba wa sunan Allah. Ya dawo da tari da rama, gona ta zama fili, iska na binne shuka.

Duk da haka Jummai ta ba shi lambarta. Kafin rani ya yi nisa ya san hanyar garinsu kamar tafin hannunsa. Amma da ƙanin ubansa ya je da magana, Na Allah bai ɓoye ba. Ya ce marigayi amininsa ne, kuma wanda ya sare abin da ubansa ya rena, shi ba zai ba shi abin da ya rena ba.

Ana cikin haka wani malamin makaranta a Tasawa, mushe kamar yadda ake ce musu, ya shigo neman aurenta, da farar riga da albashi, ya ce a mafarki aka nuna masa Jummai. Ta turo wa Habila saƙo:

"Mushe ya ce Allah ya nuna masa ni. Kai me Allah ya ce maka, ɗan kabu-kabuna?"

Ya daɗe yana juya wayar. Ya san amsar da za ta yi masa rana, ya kuma san inda irinta ta kai shi.

"Jummalata, na taɓa cewa Allah ya ce, alhali ni na ce. Ba ni sakewa. Ina son ki, wannan na sani. Nufinsa kuwa ina roƙo ya nuna mana duka, har Baba."

Gonar nan da ya daina ko bi ta gefenta, can ya tafi yin addu'ar. Ya durƙusa gaban wani kututture, sai ya ga toho ya kewaye shi, cunkus, kowanne na danne ɗan'uwansa. Ya tuna yadda tsoho ke yi: a zaɓi masu ƙarfi a bari, a sare saura. Washegari ya zo da adda.

Masu wucewa suka ga yana fita da ɗaurin ƙirare. Magana ta kai garin su Jummai cewa ya koma sara, yana haɗa kuɗin motar komawa Jado. Ta rubuto: "In tafiya za ka yi, da ka faɗa mini da bakinka." Ya kira har ya gaji, ba ta ɗauka ba.

Yana sunkuye wata safiya ya ga Na Allah tsaye a kansa da sanda. Tsohon ya zo ne ya ci masa mutunci saboda amininsa. Ya dubi kututturan, layi-layi, kowanne da 'yan sandunansa a miƙe.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Baba. Ko ba a ba ni ita ba, sai na gyara ɓarnata."

Na Allah ya karɓi addar. "Ba haka ubanka ke yi ba. Daga ƙasa ake yanka a yi sama, kar ɓawo ya tsage. Shi ya koya mini." Suka yi ta yi har rana ta take. Da zai tafi ya ce ƙanin uban Habila ya dawo.

Da yamma saƙo ya shigo: "Ka gafarta mini, na saurari bakin mutane." Ya ce ya yafe, amma turin moto na nan yana jiran ta.

Bayan an ɗaure gero fasto ya ɗaura musu aure. Matan zumunta suka yi guɗa, maƙwabta Musulmi suka zo da gudummawa, uwar Habila ta sa albarka tana share hawaye.

Da aka kwana biyu ya kai amarya gona. Kalgo mafi tsayi iyakarsa kafaɗarta.

"Inuwar ba ta isa mutum biyu ba tukuna," in ji shi.

Jummai ta zauna ta jawo hannunsa. "To sai ka matso."

Allah ya rena su, ya rena itacen.