Abin da Warin Fenti Ya Ɓoye

Tun tana ƙarama ake kiranta 'Yar Jarida saboda yawan tambaya, aure kuma bai raba ta da halin ba. Wata safiya tana zuba wa mijinta shayi, ta gan shi yana kokawa da takalmi, ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga. Mai fenti ne, kowa Auta yake ce masa. Ta juya fuskarsa wajen taga, sai ta ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa.

"Yallaɓai, fentin wane gida ne ya shige maka ido?"

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce gajiya ce. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce ciwon shawara ne, ta kawo jiƙo cikin jarka. Da 'Yar Jarida ta tambayi abin da aka jiƙa, Hajiya ta ce ita ba ta zo intabiyu ba. Amma 'Yar Jarida ba ta bar Auta ya huta ba sai da ya bi ta asibiti.

Bayan gwajin jini da hoton ciki, likita ta dube shi ta ce, "Kwalba nawa kake sha a rana?"

'Yar Jarida ta buɗe baki za ta ce an yi kuskure, sai ta ga mijinta ya sunkuyar da kai. Shekara bakwai yana shan giya a wurin aiki, tun kafin aurensu. Warin fenti da cingam ne suka rufa masa asiri.

Ta yi kuka har gyalenta ya jiƙe, amma ko a cikin kukan tambaya take. Hanta tana warkewa? Me ya sa ba zai daina yau ba kawai? Likita ta ce ciwo biyu ne a jikinsa, na hanta da na jaraba, in aka yi maganin ɗaya aka bar ɗaya an yi aikin banza. Mai irin shansa in ya yanke lokaci guda a gida, karkarwa da jijjiga na iya kashe shi, don haka sai an kwantar da shi. Ta hana jiƙo da yawan gishiri, ta haɗa shi da masu ba da shawara duk mako.

Labari ya kai gida. Hajiya ta rantse sharri ake wa ɗanta. Baba kuwa, mahaifin 'Yar Jarida, ya ce ta tattaro kayanta. Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, da ciwon sukari ne, za ka ce in baro shi?"

"Ciwon sukari ba a sayensa a kwalba," in ji Baba. Da kyar ya bari ta koma, da sharaɗin in Auta ya sake sha, shi ke nan.

Kwana tara Auta ya yi a gadon asibiti yana zufa da rawar jiki. Ranar da Hajiya ta ga ya kasa riƙe kofi, da kanta ta zubar da jiƙon.

A wata na huɗu ya dawo daga aiki da la'asar, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Na sha yau. Gara ki ji daga bakina."

Ta tafi gida da kumburarrun idanu, ba ta ɓoye wa Baba komai ba. Ya tambaye ta wa ya kama shi. Ta ce babu. Sai Baba ya ce mutumin da ya yi shekara bakwai yana ɓoyo, yau ya tona kansa, bai kamata a sake shi ba. Washegari shi ya ɗauki surukinsa a mota ya mayar da shi wurin likita, ya zauna a benci yana jiransa.

Bayan shekara guda likita ta ce tabon hanta ba zai goge ba, amma hantar tana aikinta, kuma za ta ci gaba muddin bai koma shan giya ba. Auta ya riƙe hannun matarsa a gaban kowa, ko kunyar Baba bai ji ba. Ranar iyalan biyu suka gane cewa ɓoye ciwo ba rufin asiri ba ne, kuma haƙurin da ke da amfani shi ne wanda ya kai mara lafiya gaban likita.