Kuɓewar Inna a Baranda

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana zaune da iyayenta a hawa na uku, a unguwar Bin Mahmud cikin Doha. Allah ya yi ta da iya kwaikwayo. Wadda ta fi shan wuya a bakinta ita ce Anti Awawu, 'yar Zangon Kumasi, da ke hawa na biyu.

"Ei, ɗiyana, ka ci abinci kuwa?" Haka yarinya take kwaikwayon ta, tana turo baki tana rangaji.

A shekarar nan kakarta, Inna, ta rasu a Gusau. Umma ta dawo daga ta'aziyya da ɗan ƙulli a tsumma. Irin kuɓewa ne, bai cika tafin hannu ba.

"Abin da ya rage daga gonar Inna ke nan," in ji Umma. "Ita ma a wajen kakarta ta gada."

Da zafi ya lafa, suka shuka shi duka a bokitai a baranda. Yarinya kuma ta shuka nata irin na kanti, wanda aka raba musu a makaranta. Malama ta ce kowa ya kawo hoton lambunsa.

Na kanti suka fito reras, tsawo ɗaya, kamar 'yan fareti. Na Inna kuwa, wani gajere, wani ja, wani duk gashi mai ƙaiƙayi.

"Waɗannan za su ɓata mini hoto," in ji yarinya.

Ran nan Umma ta tafi aikinta a asibiti. Yarinya ta tuge na Inna ɗaya bayan ɗaya, ta wurga ta baranda. Ta kakkaɓe hannu. "Halas! Shi ke nan!"

Da Umma ta dawo, ta tsaya kan bokitan.

"Ke, ina kuɓewar Inna?"

"Umma, ai munana ne. Kamar ciyawa."

Umma ba ta doke ta ba. Ko faɗa ba ta yi ba. Ta zauna a ƙasa, ta ɗauko tsumman nan da babu komai a ciki, tana ta kallon sa. Yarinya ta ji da ma dukan aka yi mata.

Gidan ya yi tsit. Ba dariya, ba kwaikwayo.

Ana nan sai wasu ƙananan fararen ƙwari suka sauka a baranda. Ganyen kuɓewar kanti ya koma rawaya, ya nannaɗe. Kafin mako ya zagayo, duk sun bushe.

"Abba, me ya sa ko ɗaya bai tsira ba?"

Abba malamin ilimin tsirrai ne a jami'a. Ya murza busasshen ganye ya ce, "Saboda duk jininsu ɗaya, kamar tagwaye. Abin da ya kayar da ɗaya zai kayar da sauran."

"Na Inna fa?"

"Su dangi ne, amma kowa da halinsa. Wani yana jure ƙishi. Mai gashin nan ya ɗauko kamannin 'yan'uwansa na daji, ƙwari ba su cika son sa ba."

Yarinya ta fashe da kuka. "Kuma na zubar da su!"

Ran Juma'a Umma ta aike ta da kwanon tuwo wajen Anti Awawu. Ta shiga tana sunkuyar da kai.

"Ei, ɗiyana! Yalla, maza zo ka ga abin mamaki."

A barandar Anti akwai bokitan fenti uku. Ɗaya ya bushe. Amma ga ja, ga mai gashi, kore shar, har da fure!

"Ina shanya, sai sama ya yi mini ruwan kuɓewa," in ji Anti. "Na ce, wannan kyautar Allah ne, ban bar shi ya mutu. Ƙwari sun zo, sun ci ɗaya, biyu sun gagare su."

"Anti, ni ce na wurgo su. Na kakata ne."

"Na sani. Muryana ma da kake yi, ina ji ta baranda. Ka iya ƙwarai!"

Kunya ta kama yarinya. "Ki yafe mini, Anti."

"Ya wuce. Je ka kira Ummanka."

Umma ta sauko ko takalmi babu. Ta shafa jan ganyen, tana hawaye tana murmushi.

Ba su ci ko ɗaya ba. Sun bar 'ya'yan sun bushe, suka raba irin gida uku: nasu, na Anti, da na wani abokin Abba mai aikin gona a Umm Salal, can bayan garin Doha.

Tun daga ranar yarinya ta gane cewa ba a raina abu don ya bambanta da sauran. Idan wahala ta zo, bambancin nan ne yake ceton iri.