Shaidar Inna Altine

Ranar da Hannatu ta fara ganin Mani, Lahadi ce ta farkon damina, a wata ƙaramar majami'a da ke Dogon Dutsi. Ita ce ke ba da waƙa, mata na amshi. Can baya ta hangi wani dogon saurayi, hannuwansa duk tabon walda, yana motsa baki alhali bai san baitin ba. Da aka tashi sujada ya tare ta a bakin ƙofa.

"Don Allah, waƙar nan ta ƙarshe ki maimaita mini. Na kama kai, wutsiya ta kuɓuce."

"Baƙo ne kai?"

"Jariri dai. Bana aka yi mini baftisma."

Ta maimaita masa, ya rera da murya mai kama da zarto, har ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Tun daga ranar yake kiranta Zabiya, ita kuma tana ce masa Maƙeri.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa a ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, bori ya girmi masallaci, ya kuma girmi majami'a nesa ba kusa ba. Kiristoci 'yan kaɗan ne, kuma da yawansu daga gidajen bori kakanninsu suka fito a zamanin mulkin Faransa. Shi ya sa wannan ikilisiya ta riƙe wata al'ada: duk wanda ya tuba, sai ya kawo layunsa da kayan iskokin gidansu a ƙone a gaban jama'a. Mahaifin Hannatu, Mushe Is'haƙa, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko (Mushe ake ce wa malami a can), kuma dattijon ikilisiya, yana yaro ya ga nasa uban ya cinna irin wannan wuta. A wurinsa ita ce hatimin ceto.

Mani ya ƙone nasa layun. Sai dai mahaifiyarsa, Inna Altine, godiya ce, wato mace da doguwa, iskar bori, ke hawa, tana zaune a wani ƙauye bayan Dogon Kiriya. Zannuwan doguwar da ƙwaryarta suna rataye a ɗakinta, Mani kuwa ba ya ɗaukar lokaci bai je ya kwana a gidan ba.

Da maganar aure ta iso, Mushe ya kira 'yarsa.

"Ɗiyata, ban ce yaron ga mugu ne ba. Amma ceto ba a baki yake ba, yana da alama. Shi kawo kayan uwarsa a ƙone, in ba shi ke da hannuna biyu. In ya ƙi, ga Ɗanmalam, ɗan mai bishara na Dumega. Cikin majami'a aka haife shi, in ya buɗe baki da addu'a kamar ruwan sama."

"Baba, ba addu'a zan aura ba."

"Ba kuma zan ba ki wanda ƙafarsa ɗaya ke ciki, ɗaya ke waje ba."

Hannatu ta shiga ɗaki ta ɗauki waya ta rubuta:

"Maƙerina, wuta kawai Baba ke son gani. Zane ne fa da ƙwarya. Ka ɗauko sa'ad da take barci. Ko ban kai darajar zane ba a wurinka?"

Amsa ta daɗe kafin ta zo.

"Zabiyata, nawa na ƙone duka. Waɗannan na Inna ne. In shiga ɗakin uwata in yi sata don a ce na tsira? Ina sonki, Allah shi ne shaida. Amma wannan ba ni iyawa."

Ta kifa wayar, ta yi kuka.

Gero ya bunƙasa, ya fara yin kai, ba su sake magana ba. Mani ya rufe shagonsa na walda ya koma ƙauye. Ɗanmalam ya yawaita zuwa gaisuwa da takalma masu ƙyalli, kuma shi ne ya kawo labarin cewa an ga Mani a wurin wasan bori, ana goge, yana ɗauke da uwarsa a baya. Mushe ya girgiza kai kawai. Hannatu ta daina ba da waƙa, ta ce maƙogwaro ke damunta.

Wata safiya saƙo ya shigo.

"Hannatu, Inna ta kwanta, ƙafafu sun mutu. Kullum cewa take ni na ja mata, doguwa ta yi fushi da tubana. Wani lokaci in na yi addu'a sai in ji kamar da bango nake magana. Wataƙila Mushe ya yi gaskiya, ban tsira ba. Abu guda na sani, ba ni iya komawa inda na fito, kuma ba ni da kowa sai Almasihu. Ki yi mini addu'a ko da ba ki aure ni ba."

Bai ce Zabiya ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta tashi ta kai wa mahaifinta wayar. Ya sa tabarau, ya karanta a hankali kamar mai duba jarrabawa, ya sake karantawa.

"Ban taɓa ganin munafuki yana tsoron ko shi munafuki ne ba," in ji shi. "Amma ban yanke hukunci da ji. Ki shirya, mu tafi in gani da idona."

Motar kasuwa ta sauke su Dogon Kiriya, amalanke ya ƙarasa da su. Sun yi sallama a daidai lokacin da Mani ke durƙushe yana ba uwarsa kunu. A gaban idonsu tsohuwar ta kaɗe ƙwaryar, kunu ya wanke masa riga. Ya ɗauki ƙwaryar, ya ce, "Ya yi zafi ne, Inna? Bari in fifita wani." Sai da ya juyo ya gan su. Ya rame ƙwarai. Hannatu ta sunkuyar da kai don kada ya ga idonta.

"Kai ne Mushen da ke son a ƙone mini kaya?" Inna Altine ta tambaya daga tabarma.

"Ni ne, baiwar Allah."

"Ga su can rataye, hannunka ba shi kai musu." Ta dubi ɗanta. "Kai, tafi rijiya, baƙi ba su shan iska."

Da ya fita, ta juyo ga Mushe.

"An ce an gan shi wurin goge. Gaskiya ne. 'Yan'uwana suka kai ni, suka ce shi riƙe akuyar yanka, ya ƙi, ya tsaya nesa. Da na faɗi aka watse aka bar ni, shi ya goyo ni gida." Ta yi tari. "Mushe, ni na haife shi, na san abin da na haifa. Yaron ga wuta ne. Ya taɓa karya hannun ƙanensa a kan ragowar tuwo. Bulalar ubansa ba ta iya da shi ba. Na yi wa doguwa yanka har garkena ya ƙare, ba ta iya ba. Yanzu ina zaginsa, ina tofa masa miyau, na ce nonona shi bi shi. Da gangan nake yi, ina jiran ranar da na dā zai fito. Shi ke wanke mini jiki, shi ke kwashe abin da ɗa namiji bai kamata shi gani ba. In na yi barci ina jinsa yana faɗin sunana wurin Yesun naku."

Ta ɗaga kai ta dubi kayan da ke rataye.

"Ba ni bin hanyarku. A tawa zan mutu. Amma wanda na haifa ba shi ne wannan ba. Wani ya sake mini shi, kuma ba ni ba ce."

Dattijon ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Wuta kowa na iya hurawa," ya ce a hankali. "Wannan kuwa ba aikin hannun mutum ba ne. Na nemi alama a wurin da ba nan take ba. Ki gafarce ni."

"Shi za ka roƙa." Ta miƙa hannu. "Matso, ɗiyar ga. Ke ce mai waƙar? Ya cika mini kunne da ita, da muryarsa ta jaki." Hannatu ta yi dariya, hawaye na zuba. Tsohuwar ta damƙe mata yatsu. "Ki riƙe shi. Bayana ba shi da kowa."

Inna Altine ba ta ga kaka ba. Bayan an binne ta, kawunnan Mani suka ajiye kayan doguwa a gabansa, suka ce ko ya ɗauka tare da gonar gado, ko ya bar su duka biyu. Ya yi musu godiya a kan wahalar jana'iza, ya ɗauki jakarsa ya fito.

An ɗaura auren bayan an gama shigar da hatsi rumbu. Ɓangaren amarya ya cika har waje, mutanen Dumega da na Tibiri duk sun zo. A ɓangaren ango kuwa Mani ne kaɗai a kan dogon benci, yana kallon ƙasa. Daga danginsa ba wanda ya tako.

Fasto ya tambaya, kamar yadda aka saba, "Wa ke tsaya wa ango?"

Ba wanda ya tashi. Hannatu ta dubi bencin ango. Sai ta ga mahaifinta ya miƙe, ya kama hannunta ya danƙa wa ƙanensa Umaru, ya tsallaka da sandarsa zuwa ɗaya ɓangaren, ya zauna kusa da Mani.

"Ni ne ubansa," in ji shi.

Ya ɗora hannu a kan saurayin.

"Allah da ya fara wannan aiki a cikinka shi ƙarasa shi. Shi ba ku zaman lafiya da zuriya mai jin ƙai. Tashi, ɗana, matarka na jira."