Ƙyauren da Ya Ƙi Fita

Da hantsin Talata, ana shirin buɗe Cibiyar Fasaha ta jami'a a Damagaram, aka tarar an sace tsohon ƙyauren sassaƙa da wani gidan attajirai na Birni ya bayar kyauta. Insifekta Falmata ta iso daga kwamisariyar 'yan sanda, ta tsaya ƙarƙashin bakan gizon da ke tallafe da rufin babban zauren. Ginin ƙasa ne mai zankwaye, cikinsa sanyi kamar randa. Ta ji alfahari da garinsu, amma aiki ya kawo ta.

Ta fara da Kolo mai gadi.

"Wallahi Madam, sallar Asuba kaɗai ta tashe ni daga bakin ƙofa."

Liman ya shaide shi.

Safiyanu, shugaban magina, bai jira tambaya ba. "Da idona na ga mota ta fita da ƙyauren da sassafe, an lulluɓe shi da tabarma."

Habiba, malamar jami'ar wadda ta zana ginin, a ranar ta sauka daga Yamai. Idanunta sun yi ja.

"Yaya kuka shigo da shi?" in ji Falmata.

"Sai da muka kafa shi, sannan muka tada bango. Ginin aka yi masa," in ji Habiba.

Falmata ta nemi igiya, ta auna gurbin ƙyauren, ta bi kowace ƙofa da taga. Ko a karkace ba zai wuce ba.

"Sanyin nan daga ina?"

"Bango biyu ne, iska na bi ta tsakani. Ni da Safiyanu muka san mashigarsa."

Falmata ta bi bangon tana shafawa har tafinta ya faɗa kan ɗanyen yaɓe. Ta sa aka fasa. Ga ƙyauren a tsaye tsakanin bangon biyu, ko ƙwarzane babu.

"Malam Safiyanu, ka ga mota ta ɗauki abin da ba ya fita ta ƙofa? So ka yi mu bazama daji, in ƙura ta lafa ka fasa bango da sunan gyara."

Ya sunkuyar da kai, ya faɗi sunan dillalin kayan tarihin da ya zuga shi.

Da aka wuce da shi, magina suka matso za su toshe ramin. Habiba ta ce su dakata. Ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta durƙusa ta kwaɓa ƙasar da hannunta, ɗalibanta suna miƙo mata ruwa.